Asu a Cikin Adaka: Yadda Kayan Ulu Ke Ƙarewa Tsakanin Hunturu da Hunturu

Da zarar Fabrairu ya raba tsakiya, hazo ya fara janyewa, aka wayi gari ba mai neman ruwan zafin wanka, to an gama da kayan sanyi ke nan a yawancin garuruwan Arewa. Suwaita, hular sanyi, safa da bargo, duk a tattara a cusa cikin buhun Ghana-mas-go ko tsohuwar adaka, a jefa ƙwayar kafur biyu ko uku, a tura ƙarƙashin gado. Ba wanda zai sake bi ta kansu sai ƙarshen Nuwamba, ranar da iskar gabas ta fara kaɗawa, yara suka tashi leɓe a bushe. Ran nan ne ake zazzage buhu, a ɗaga suwaitar maigida mai tsada, a ga haske yana leƙowa ta hammata da ƙirji da bakin hannu. Sai a hau zargin ɓera. Wasu su ce kyankyaso ne, wasu su ce tun a kasuwa ɗan gwanjo ya haɗa su da ruɓaɓɓen kaya.

Ɓera yana ɓarna, amma tasa ba ta ɓuya: yagawa yake yi, ya kwashi zare ya yi sheƙa, ya bar kashinsa da zarninsa. Ƙananan hujojin nan da ke warwatse, kowanne da siffarsa, wani wurin ma ba a huda ba sai dai an kankare gashin saƙar ya yi sanƙo, wannan aikin asu ne.

Ƙwaron da ba ya ci, da tsutsar da ba ta ƙoshi

Abin da ke zagaya ƙwan lantarki da daddare bai damu da kayan kowa ba. Asun tufafi ɗan mitsitsi ne, tsawonsa milimita 6 zuwa 8, launinsa ruwan ƙasa mai ɗan sheƙin zinare, kuma gudun haske yake yi. In ka ɗaga kaya sai ka ga ya sulale ya shige lungu, musamman macen, wadda ta fi son gudu da ƙafa a kan tashi. Masana ƙwari suna kiran wanda ya fi yaɗuwa a duniya Tineola bisselliella, kuma wasu daga cikinsu na ganin asalinsa ɗan Afirka ne, fatauci ya kai shi Turai. Yana da ɗan'uwa, Tinea pellionella, wanda tsutsarsa ke saƙa wa kanta ɗan kube da zaren da take ci, tana jan sa duk inda ta nufa.

Babban asu, mai fukafukin nan, ba ya cin komai. Bakinsa ma bai ginu don ci ba. Barbara da ƙwai ne kaɗai aikinsa. Macen kan saka ƙwai 40 zuwa 50 cikin mako biyu zuwa uku, ta manne su a jikin zare da wani ɗanƙo, sannan ta mutu. Saboda haka wanda ya tafa hannu ya murƙushe asu a bakin wadirof yana murna, sau da yawa ihu ne bayan hari. In da ɗumi, ƙwan kan ƙyanƙyashe cikin kwana 4 zuwa 10. Abin da ke fitowa 'yar tsutsa ce fara mai kai ruwan ƙasa, wadda kan girma ta kai milimita 12. Ita ce maciyar. In ta samu abinci da yanayin da take so, cikin kwana 35 ta gama girma. In ba ta samu ba sai ta lafe, tana iya kai wa shekara biyu da rabi a haka tana jira.

Abincinta keratin ne, furotin ɗin da aka gina gashi da farce da ƙaho da gashin tsuntsu da shi. Halittu ƙalilan ne cikinsu ke iya narkar da shi, ita kuwa tana cikinsu. Sai dai tsabtataccen ulu shi kaɗai bai ishe ta rayuwa yadda take so ba. Tana bukatar gishiri da sinadaran bitamin B, kuma mu ne ke ba ta su: gumi, ɗigon miya, shayin da ya zuba a ƙirji, tumbuɗin jariri, fitsarin yaro. A ƙara da man da muke laftawa a hunturu, basilin ne ko man kaɗanya, wanda ke taruwa a wuya da bakin hannu. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mutum ya yi wata uku yana ɗora suwaita a kan riga, ya dube ta ya ce ai ba ta yi datti ba, ya naɗe ya ajiye. Shi ya sa hujin ba ya fita ko'ina sai daidai inda jiki ya fi taɓawa.

Yadda shekararmu take tafiya ma ta yi wa asu daidai. Tsutsar ba ta shan ruwa, da laimar da ke cikin zare da iska take rayuwa, kuma ta fi walwala in laimar iska ta kai wajen kashi 70 zuwa 75 cikin 100. A tsakiyar hunturu laimar Kano kan faɗi ƙasa da kashi 20, ga kayan kullum a jiki, ana sawa ana cirewa ana kakkaɓewa. Asu ba shi da sakat a lokacin. Amma wata takwas ko tara da kayan ke kwance a duhu ba mai taɓa su, a cikinsu damina take, har da markar Agusta da laima ke haura kashi 75. A Jos, mai tudun mita 1,200 da ruwan sama daga Afrilu zuwa Oktoba, da Gembu a tsaunin Mambila, abin ya fi haka, sai dai su can suwaita ba ta cika dogon hutu ba, kuma wannan kariya ce a gare ta.

Shin ma ulu ce?

Kafin mutum ya wahalar da kansa, ya fara tantance abin da ya mallaka. Tumakinmu, Balami da Uda da 'Yankasa, masu gashi ne gajere, ba a sausaye su don ulu. A Afirka ta Yamma sai ka je yankin Masina a Mali kafin ka ga tumakin ulu na gaske, waɗanda masaƙan Fulani ke yin bargon kasa da gashinsu. Ulun da ke jikinmu baƙo ne. Mai laushin nan na tumakin marino galibi daga Ostireliya yake, kashmiya kuwa gashin awaki ne na Mongoliya da Sin. Yawanci ta hanyar dilar gwanjo suke iso mu, a Ƙofar Wambai a Kano, ko Kasuwar Barci a Kaduna, ko Katako a Jos.

Mafi yawan abin da ke cikin dila kuwa akirilik ne da foliyesta, wato zaren roba da ake samu daga man fetur. Haka zaren da mata ke saye suna saƙa kayan jarirai, duk da kowa ulu yake ce masa. Asu ba ya narkar da roba. Wannan ne dalilin da za a buɗe buhu ɗaya a tarar suwaita goma lafiya lau, ta sha ɗaya, wadda ta fi kowacce ɗumi da tsada, ta zama rariya. Amma in an gauraya ulu da roba a saƙa ɗaya, tsutsar za ta bi ta gutsure robar don ta kai ga abincinta.

A duba 'yar takardar da ke ɗinke a wuya ko a gefen ciki. Alamar Woolmark, mai siffar curin zare, wadda aka fara amfani da ita a 1964, tana nufin sabon ulu ne zalla. In takardar ta cire, a tsinko ɗan zare daga cikin ɗinki a kusanta shi da ashana. Ulu ƙaurin gashi yake yi, ba ya son kamawa, tokarsa kuma tana murmushewa a yatsa. Roba narkewa take yi ta dunƙule ta yi tauri.

Kuma maganar ba ta tsaya a suwaita ba. Jar dara da ulu ake yin ta. Akwai alkyabbar ulu da ake sawa sau biyu a shekara, da kwat ɗin ɗaurin aure, da darduma ta asali, da buzun malam. Duk keratin ne. Buzu da fatu suna da wani maƙiyin ma, ɗan ƙwaro mai ƙoƙon baya wanda tsutsarsa ke da gashi-gashi, kuma masu harkar ƙirgi sun san shi sarai. Maganinsu ɗaya da asu.

Wanki tukuna

A ganina duk wata dabara da za a yi bayan wannan ƙari ce kawai. Suwaitar da aka ajiye da datti, ko buhun kafur aka juye mata, an riga an ba asu rabin abin da yake nema.

Sai dai wankin ulu ba irin na shadda ba ne, kuma a nan ake kashe suwaita da yawa tun asu bai gan su ba. Kowane silin ulu yana da ƙananan ɓawo a jikinsa. In ruwan zafi da cuɗa suka haɗu, ɓawon nan sai su sarƙe da juna, rigar ta tsuke ta yi tauri, ta babba ta koma ta yaro, kuma ba ta dawowa. Don haka ruwa mai sanyi ko mai ɗan ɗumi, kada ya wuce digiri 30. A guji sabulun soda, don kaifinsa yana cin zaren. A guji omo mai ƙarfi, domin yawancinsa an zuba masa sinadaran da ke narkar da furotin don su cire tabon jini da ƙwai, ulu kuwa shi kansa furotin ne. Bilic ma kada a kusanto da shi, narkar da ulu yake yi ƙurmus. Shamfu na wanke kai, musamman na jarirai, ya wadatar, tunda dai gashi ake wankewa.

A jiƙa minti goma zuwa sha biyar, a riƙa dannawa da tafin hannu, a ɗauraye har kumfa ya ƙare. Ba a murɗawa. A shimfiɗa a kan tawul, a naɗe tare, a danne ruwan ya fita, sannan a baje a kan tabarma a inuwa, a gyara mata siffarta. Wanda ya rataya jiƙaƙƙiyar suwaita a igiya zai tsince ta hannu ya kai gwiwa. In mai wanki da guga za a ba, a gaya masa ƙarara: ban da burushi mai tauri, ban da bugu. Kwat da alkyabba kuwa a kai su wurin masu dirai-kilin, sinadarin da suke amfani da shi yana kashe ƙwai da tsutsa gaba ɗaya.

Bushewa ma da sharaɗi. Ulu yana iya riƙe ruwa har kusan kashi 30 cikin 100 na nauyinsa ba tare da hannu ya ji shi a jiƙe ba. Wanda ya rufe shi a haka cikin roba ya tsere wa asu ya faɗa hannun fumfuna. A ƙara masa yini guda bayan an ga kamar ya bushe. Maris ne watan wannan aiki, iska a bushe take, ruwa bai sauka ba.

Su firiza, mu rana

Wankin ruwan sanyi yana cire datti, amma ba lallai ya kashe kowane ƙwai ba. A Turai da Amurka shawarar da ake bayarwa ita ce a ƙulle rigar a leda a saka a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili, aƙalla awa 72 a jere, wasu ma su ce mako guda. Shawara ce mai kyau ga wanda wutarsa ke yin kwana uku ba ta ƙifta ba. Mu nan sai a yi dariya kawai.

Can ɗin ma ba su gama da asu ba. A 2017 hukumar English Heritage mai kula da gidajen tarihi a Ingila ta ce yawan asun da take kamawa ya ninka cikin shekara biyar, har ta riƙa raba wa maziyarta tarko kyauta. A 2021 ƙungiyar National Trust ta saki wasu ƙananan zanzaro da ba su wuce rabin milimita ba a gidan tarihi na Blickling Hall da ke Norfolk, don su saka ƙwansu a cikin ƙwan asu su kashe shi tun bai ƙyanƙyashe ba.

Abin da suke kashe kuɗi suna nema, mu Allah ya ba mu shi a tsakar gida. Zafin digiri 50 na rabin awa yana kashe asu a kowane mataki, daga ƙwai har mai fukafuki. A Afrilu, Sakkwato da Maiduguri da Kano da Maraɗi suna kai digiri 40 a inuwa. Busasshiyar suwaita a cikin baƙar leda, a ɗaure baki, a ɗora a kan siminti ko kwanon rufi daga hantsi zuwa la'asar, za ta wuce hamsin nesa ba kusa ba. Motar da aka rufe gilasanta a rana ma cikinta kan haura digiri 60. Masu adana kayan tarihi a ƙasashe masu zafi suna amfani da wannan dabara ta baƙar leda. Sharaɗin shi ne kada a cunkusa kaya da yawa, don zafin ya ratsa har tsakiya, kuma kayan su kasance a bushe. Busasshen zafi ba ya tsuke ulu, ledar kuma tana hana rana ta kodar da launi. Bayan nan a kakkaɓe, a bi da burushi mai laushi a wuya, hammata, aljihu da cikin ɗinki. Guga ma tana aiki in an ɗora ɗan ƙyalle mai laima a tsakani, ko da dutsen gawayi ne.

Sai mazubi. Buhun Ghana-mas-go yana da kafa a ƙarshen zif, saƙarsa kuma tana buɗewa in ya tsufa, sabuwar tsutsa kuwa milimita ɗaya ce. Kwali ya fi muni, yana jan laima, yana kiran kyankyaso da gara. Abin da ya fi shi ne roba mai murfin da ke kamawa gam, ko bokitin fenti ne da aka wanke ya bushe, ko leda mai kauri mai zif. Adakar ƙarfe ta iyayenmu tana da kyau in murfinta bai lanƙwashe ba, a shimfiɗa mata tsohon zanin auduga saboda tsatsa. A ninke suwaita, ba a rataye ta, masu nauyi a ƙasa. 'Yan ƙullin nan masu shan laima da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko na magani, a jefa su ciki in ba yaro a kusa. A ɗora mazubin a kan katako ko bulo, a ja shi daga jikin bango. A kuma share inda za a ajiye, domin gashin kai da ƙura da ke taruwa a bayan wadirof da ƙarƙashin kafet su ne gonar asu kafin ya samu suwaita.

Busasshen ganyen darbejiya, itacen da aka shigo da shi Borno daga Gana a 1928, mutanen Indiya sun daɗe suna sa shi cikin tufafi da hatsi. Kanumfari ma haka. Suna taimakawa wajen korar macen da ke neman wurin ƙwai, ƙamshinsu kuma yana gushewa cikin 'yan watanni. Tsutsar da ta riga ta shiga ba za su hana ta ci ba. A ƙulla su a ƙyalle kada su ɓata kaya.

A tsakiyar damina, ranar da aka samu rana mai kyau, a buɗe a duba. Minti goma ne. Abin nema shi ne farin zare mai kama da yanar gizo a manne da saƙa, da ɗan gari mai launin rigar, wanda kashin tsutsar ne. In an gani a fitar da komai, a sake bi da zafi, a wanke mazubin. Ƙaramin huji kuwa ba dalilin yar da riga ba ne: a zaro zare daga cikin ɗinkin gefe, a kama idanun saƙar da allura ta ciki tun ba su warware ba.

Maganar kafur

Farin ƙwallon da ake sayarwa a tire da shagunan unguwa, galibinsa naftalin ne, wanda ake samu daga kwalta da man fetur. Ya sha bamban da kafur na asali da ake tatsa daga wani itace a gabashin Asiya. Ba ya narkewa ya zama ruwa, hayaƙi yake zama kai tsaye, kuma hayaƙin ne ke kashe ƙwari. Kafin ya kashe, dole ya taru sosai a wurin da iska ba ta fita. Ƙwaya uku a wadirof da ake buɗewa safe da yamma ba sa kashe komai. Mutanen ɗakin ne kawai ke shaƙa. A 2002 hukumar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa naftalin cikin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo cutar, Tarayyar Turai kuma ta hana sayar da shi a matsayin maganin asu tun 2008.

Haɗarin da ya fi kusa da mu na jarirai ne. Akwai wani sinadari a jini mai suna G6PD da ke kare jajayen ƙwayoyin jini. Mutane kusan miliyan 400 a duniya an haife su da ƙarancinsa, kuma bincike daban-daban a Najeriya ya same shi a tsakanin kashi 15 zuwa 25 cikin 100 na maza. Gado ne, ɗa namiji daga mahaifiyarsa yake ɗauka, kuma yawancin masu shi ba su sani ba. In naftalin ya shiga jikin irin wannan jariri, ta numfashi ko ta fata, jajayen ƙwayoyin jininsa sai su farfashe. Ido da jiki su yi rawaya, wato shawara. In ta yi tsanani tana taɓa ƙwaƙwalwa, ta bar yaro da kurumta ko shanyewar jiki, wani lokaci ta yi kisa. Likitocin yara a Ibadan sun rubuta alaƙar kafur da shawarar jarirai tun shekarun 1980.

A duba yadda muke yi. Jaririn hunturu ana naɗe shi da suwaita da hula da safa da shawul na yayansa, waɗanda suka shekara biyu a akwati da kafur. An shafe shi da mai, naftalin kuwa a mai yake narkewa, don haka fata ta fi saurin shan sa. Ba ya kuma narkewa sosai a ruwa, wanki ɗaya ba ya raba shi da kaya. Abin takaicin ma, kayan nan yawanci zaren roba ne da asu ba ya ci tun farko. Ga kuma yara masu rarrafe da ke tsintar ƙwallon su kai baki suna zaton alewa ce.

Fiya-fiya da wasu ke yayyafawa cikin wadirof ita ma ba ta da wuri a kan tufafi. Maganin gona ne mai ratsa fata, kuma a 2019 hukumar NAFDAC ta taƙaita sayar da irinsa a kasuwanni.

Wanda ya nace sai ya sa kafur, to ya tsaya ga kayan manya, a mazubi mai rufuwa gam, a ɗakin da ba a kwana, kuma a shanya kayan kwanaki a iska kafin a sa. Suwaitar da aka sayo a gwanjo kada ta kwana cikin kayan gida sai ta sha wanki da rana. Uwargida kuma, in akwai mai juna biyu a gidan, a fitar da kafur daga akwatin kayan jariri tun yau, a wanke kayan a shanya su sosai. Jaririn da aka ga idonsa ya yi rawaya a makon farko, a kai shi asibiti a ranar, kada a jira suna.